Darar Ƙanƙara: Yadda Ake Hawa Mataki a Zamaninmu

Wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Katsina ya zo hutu, na lura ba ya rabuwa da waya ko a kan tabarmar cin abinci. Da na matsa masa, sai ya ce karta yake bugawa, wadda ake kira foka, irin ta mutum biyu, shi da wani da bai taɓa ganin fuskarsa ba, kowa ya ajiye kuɗi. Bai ɓoye mini ba, don ya san ni tsohon ɗan dara ne, yana ganin zan fahimce shi fiye da mahaifinsa. Ya ce, "Kawu, kai da ka buga da manya, ta yaya mutum ke gane ya isa ya bar ƙaramin tebur ya koma babba?" Na ce masa caca haramun ce, kuma ya san haka tun yana makarantar allo. Wannan magana mun gama ta a ranar, ni da shi da mahaifinsa. Amma tambayar ta tsaya mini a rai, domin a dararmu tana da amsa, amsa mai tsari, kuma waɗanda suka san ta sun kusa ƙarewa.

Ba zan ɓata lokaci wajen koya wa kowa dara a takarda ba. Duk wanda ya tashi tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kafin waya ta shigo ya san gida 30, ya san 'ya'ya 12 a kowane hannu, ya san uku ke ci, huɗu ba ta ci. Garuruwan nan uku yau ɗan majalisar wakilai ɗaya suke aikawa Abuja, amma tun kafin siyasa ta haɗa mu kasuwa ta haɗa mu, kuma duk inda kasuwa ke ci akwai inuwar da 'yan dara suka mallaka. Daga 'Yargoje zuwa Ƙetare, daga Sheme zuwa 'Yankara, daga Damari zuwa cikin Sabuwa, an san gwanin kowane gari, an kuma san mai bi masa.

Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, a zamaninmu mutum ba ya ɗaga kansa, ɗaga shi ake yi. Kana iya cinye duk samarin unguwarku har su daina zama da kai, amma ranar da ka je inuwar bakin kasuwa inda manya ke zama bayan la'asar, tsayuwa za ka yi. Ba mai korarka, ba kuma mai matsa maka. Sai ka yi wata da watanni a tsaye, hannu a baya, baki a rufe. Sa baki a darar da ba taka ba shi ne babban laifi. Wanda ya yi tarin ƙarya ko ya ja ƙafa a ƙasa don ya ankarar da abokinsa, ya ƙara wa kansa tsawon tsayuwa. Bayan tsayuwa sai tsuguno. Bayan tsuguno sai ranar da za a ce ka shata gidaje, ka tsinto duwatsu, ka karyo tsinke daidai wa daida. Aike ne, amma duk wanda aka aika ya san an fara ganinsa.

Ranar da aka ce ka zauna kuwa, ba da gwani za ka zauna ba. Da na ƙarshen layi za a haɗa ka, wanda shi ma bai daɗe da barin tsuguno ba. Ci ɗaya ba ya ɗaga mutum. Sai ka ci shi yau, ka ci shi jibi, ka ci shi da dutse, ka ci shi da tsinke, ka ci shi ranar da shi ya fara zubi, har 'yan kallo su gaji da ganin abu ɗaya. Sannan wani dattijo zai ce, ko dubanka bai yi ba, "Yaron nan ya fi ƙarfin wane." Shi ke nan ka hau. Babu takarda, babu rajista, amma kafin kasuwa ta watse kowa ya ji. Haka kuma ake saukowa. Wanda ya hau ya kasa riƙe wurin ba a yi masa dariya, sai dai ya ga an daina kiransa, ya koma ya nemi na ƙasa da kansa. Na ga magidanta masu furfura sun koma baya sun sake hawa, ba wanda ya ɗauki abin wulaƙanci.

Ni na shigo wannan layi ne da ƙuruciyar aikin koyarwa. Da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, aka kwashe mu muna samari aka watsa ƙauyuka. Lokacin duk ƙasar Katsina tana ƙarƙashin Jihar Kaduna, ba mu samu tamu jihar ba sai 1987. Malamin ƙauye ba shi da abin yi in an tashi makaranta, ba lantarki, rediyo ma sai an samu batir. A nan na faɗa hannun wanda har gobe nake kira maigidana. Tela ne, yana da rumfa a bakin kasuwar Ƙanƙara da keken ɗinki na ƙafa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin iyalinsa na nan, kuma shi kansa bai taɓa son a san shi da wani abu ban da ɗinki ba. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Ticha. Bai yi boko ba, da ajami yake rubuta awon mutane, amma ban taɓa zama da mai riƙe lissafi a ka kamarsa ba, har a cikin waɗanda suka koyar da ni lissafin.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ita ce abin da ya sa na ɗauki alƙalami: ba a share dara sai an warware ta. In wasa ya ƙare, wanda aka ci ba ya tashi, wanda ya ci ma ba ya tashi. Baba zai miƙa hannu ya kwashe 'ya'yan duka, ya busa ƙasar da ta cika gidajen, sannan ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya yadda aka zuba su tun farko, dutse, tsinke, dutse, tsinke. Bai taɓa tambayar kowa ina wane ya sa nasa ba. In ya iso inda yake so sai ya tsaya, ya ɗora ɗan yatsansa mai kantar allura a kan wani ɗa, ya ce, "Ticha, wannan me ya kawo shi nan?" Dole ka amsa a gaban jama'a. "Haka na ga dama" ba amsa ba ce. In ka ce ka sa shi ne don ka tare layi, sai ya ɗauke shi ya matsar gida ɗaya, ya ce to buga mu gani. Ku buga daga nan, ka ga wasan ya bi wata hanya dabam. Ya sake kwashewa, ya mayar inda ka sa da farko, ku sake bi. Wasan da aka gama kafin shayi ya huce, sai a kai kiran magariba ana tona shi.

Mai nasara ya fi shan wuya a warwara. Sau da yawa Baba yakan nuna masa, ɗa bayan ɗa, cewa tun a zubi an riga an kashe shi, abokin wasansa ne ya yi sakaci ya sake shi. Irin wannan ci ba a lissafa shi wajen hawa. Ka ci, ka ɗauki goronka, amma dattawa sun gani da idonsu cewa kyauta aka yi maka. Na san mutumin da ya yi damina da rani yana cin na gabansa, aka ƙi ɗaga shi, saboda kusan duk cin nasa daga kuskuren wancan yake fitowa. Ya yi fushi ya daina zuwa, daga baya ya dawo ya zauna warwara, kuma shi ne ya zama gwanin garinsu. Ban taɓa ganin wata hanya da ta fi wannan iya raba gwaninta da sa'a ba.

A wurin warwara ne na gane cewa mu masu koyo wuri dabam muke kallo. In an gama zubi, 'ya'ya 24 ne a ƙasa, gida 6 ne kawai ba kowa. Mu idonmu na kan 'ya'ya, muna neman inda biyu suka jeru. Baba kuwa idonsa na kan gidaje shidan nan tun kafin su bayyana. Yana zuba ɗa na biyar ya riga ya san waɗanne gidaje yake so su rage, da kuma 'ya'yan wa za su kewaye su. Yakan ce, "Ticha, 'ya'yan nan duka a ɗaki suke a kulle, ƙofa shida ce, wanda ke bakin ƙofa shi ke fita." Na ga ya gama zubi abokin wasansa yana da biyu-biyu a jere har wuri uku, yana murna, aka zo tafiya ya tarar ba ɗansa ko ɗaya da ke maƙwabtaka da gidan da yake bukata. Dole ya motsa wanda ba ya son motsawa, ya rusa gininsa da hannunsa. Shi ya sa manya a da ba sa gaggawar zubi. Tafiya ce take sauri, amma zubi a hankali ake yinsa, mutum ya riƙe tsinke yana juya shi a yatsa har ka zaci ya manta.

Haka batun doki. Ko yaro ya san in aka hau masa doki wasa ya zo ƙarshe: biyu a layin sama, biyu a layin ƙasa, ɗa guda yana kai da kawowa tsakani, ya hau ya cika uku, ya sauko ya cika uku, kowane taku da ci. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ba kowane doki ne doki ba. Mai koyo da zarar ya ci sai ya kai hannu ya ɗauke ɗan da ya fi kusa da shi. Baba zai kama wuyan hannunka, ya ce duba abu biyu. Gidan da ɗanka ya bari da ya sauko, wa ke gefensa? In ɗan abokin wasa ne, taku ɗaya zai yi ya shige, doki ya tsaya cak. Sannan can gefe, akwai inda saura taku ɗaya ya cika uku? In akwai, zai ci, kuma ƙafar dokinka zai ɗauke. Kai kuwa ɗa ɗaya kake da ikon ɗauka. In duka biyun suna nan, to ba ka da doki, kuma ba yanzu ka rasa shi ba, tun a zubi ka bar baƙo a bakin gidan. Wannan ba a koyonsa da yawan bugawa. Mutum na iya shekara ashirin yana dara bai gane ba, in ba a taɓa riƙe masa hannu ba.

Da na ambaci doki sai na tuna da wani ɗan sanda mutumin Zuru da aka kawo aiki yankinmu, wannan ma kafin in kai ga zama ne, ina cikin masu tsuguno. Mutanen ƙasar Zuru an san su da dara, mu ma mun ji labari. Ya zo cikin kayan gida ya yi sallama ya ce yana son gwanin wurin. Aka ce masa sannu da zuwa, ga wane. Aka haɗa shi da na ƙasa kamar kowa, bai yi gardama ba, ya cire takalmi ya zauna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kasuwanni uku ko huɗu, sannan Baba ya rufe keke ya fito. Kafin su taɓa ɗa sai da suka daidaita doka, domin dara ba ta da littafi, kowace ƙasa da tata al'ada. Ana ɗaukar ɗan da ke cikin ukun da aka riga aka cika, ko ba a ɗauka? Huɗu a jere, ba ta ci ne kawai, ko sam ba a yarda a jera ta ba, kamar yadda ake yi a wasu wurare a Nijar, inda Zabarmawa ke kiran wasan dili? Suka yarda da dokar gida. Na farko baƙo ya ci, na biyu Baba ya rama. Abin da ya tsaya mini shi ne, da aka gama, baƙon nan da kansa ya miƙa hannu ya fara mayar da 'ya'yan wasan da ya ci, ya nuna wa Baba inda ya kama shi. Ashe su ma suna yi. Tun daga ranar, in ya shigo kasuwa ba a sake haɗa shi da yara ba.

Kada wani ya ɗauka wanke dara nake yi. Kuɗi sun shige ta, kuma na gani. Funtuwa garin auduga ne tun da layin dogo ya ratsa ta daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, kuma audugar Daudawa da Faskari da Sabuwa can take ƙarewa a injin gurza. In kaka ta yi aka sayar da auduga, kuɗi na yawo a aljihun mutanen da ba su saba riƙe su ba. A lokacin ne darar Sheme da ta Funtuwa ke zafi. Naira ta shigo tun 1973, amma tsofaffi da sule da fam suke lissafi, sai ka ji ana "fam biyar a kan tsinke". Galibi ba masu wasan ke zuba kuɗin ba, 'yan kallo ne ke ɗorawa a kansu. Na san wanda ya tafi kasuwa a kan keke ya dawo a ƙafa. Na san gidan da aure ya mutu a kan haka. Baba bai taɓa yarda a ɗora kuɗi a rumfarsa ba, goro ne iyaka, kuma in ya ji an ɗora a kansa a wata kasuwa sai ya tattara 'ya'yan ya tashi. Amma ko a wuraren da ake cacar, kuɗi suna bin suna ne. Mai kuɗi bai isa ya sayi zama gaban gwani ba. Gwanin da ya zauna da yaro don ya kwashe masa kuɗin auduga ya zubar da mutuncinsa, haka kuma gwanin da tsaransa ya zo nemansa ya ce yau kansa na ciwo.

Malamai da yawa ba su yarda da dara ba ko babu kuɗi, saboda shagala da jinkirta salla, kuma ba zan ce ba su da hujja ba, na ga waɗanda magariba ta wuce su suna sunkuye. A wurin Baba ana kiran salla ake tashi, ko da saura taku ɗaya a ci. In awaki sun tattake gidajen kafin a dawo, ba komai, yana riƙe da wasan a ka. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Katsina ta biyo baya a 2000 zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, cacar fili ta ja da baya, kuma na yi murna. Abin da ya yi mini ciwo shi ne an haɗa mai goro da mai fam biyar an yi musu kallo ɗaya. Dattawa masu mutunci suka fara jin kunyar a gan su a bakin dara, inuwoyi da yawa suka watse ba don an kore su ba.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, ta ɗauki shekaru kafin ta game ƙauyukanmu, ta kuma ɗauki wasu shekarun kafin ta zama wurin wasa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya ƙarasa aikin, domin ya koya wa kowa, har mai shayi, ajiye kuɗi a waya. Lissafi na koyar har na yi ritaya, don haka na zauna na bi diddigin kartar nan ta yaron. Labarin da ke ruɗarsu na wani akanta ne a Amurka, Chris Moneymaker, wanda a 2003 ya shiga gasar intanet da kuɗin da ba su kai dala 100 ba, ya samu gurbi a babbar gasar Las Vegas, ya tashi da dala miliyan 2.5. Kowane yaro yana ganin shi ne na gaba. Ba sa duba bambancin da ke tsakanin wasannin biyu. A dara komai a fili yake, duk abin da kake gani abokin wasanka na gani. A foka kowa na ɓoye da kati biyu, sauran kuma rabo ne ke fito da su. Mara iyawa yana iya cin gwani yau, ya ci shi gobe, ya ci shi mako guda. Da masu bincike na jami'ar Carnegie Mellon suka so gwada manhajarsu mai suna Libratus da ƙwararru huɗu a wasan mutum biyu, a birnin Pittsburgh cikin Janairun 2017, sai da aka yi rabon kati sau 120,000 cikin kwana 20 kafin a amince cewa nasarar ba ta sa'a ba ce. Na'urar ce ta yi nasara. Yaron da ya ci dare uku a ɗakin kwanan ɗalibai kuwa ya yanke wa kansa hukunci cewa ya isa babban tebur.

Kuma ba mai hana shi. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi. A waya babu dattijon da zai ce bai isa ba, kuɗin da ke asusunsa su ne kaɗai izini. Mai shafin yana yankar kamashonsa a kan kuɗin da aka tara, don haka in tsara biyu suka daɗe suna bugawa, dukansu raguwa suke yi, shi yana ƙaruwa. A manyan teburan mutum biyu an san ƙwararru da zaman jiran mai rauni, su kauce wa junansu, wato abin da a wurinmu ke zubar da mutunci shi ne dabarar sana'a a can. In za a yi adalci, su ma manyan 'yan wasansu suna warwara, suna mayar da wasa baya su tona shi da kwamfuta. Amma yaronmu ba ya cikinsu. Ana cinye shi, kafin ya ja numfashi an raba sabon kati, ba wanda ya tambaye shi me ya kawo wannan nan. Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca a 2024, a nan Katsina ma gwamnatin Dikko Umaru Radda ta kafa tata Hisbar, amma wanda ke aljihun yaro ba shi da ƙofar da za a garƙame.

Baba ya rasu kafin fitinar 'yan bindiga, Allah ya jiƙansa, bai ga abin da ya sami kasuwanninmu ba. Ba waya kaɗai ta kashe dara a yankinmu ba. Zaman la'asar zuwa magariba yana bukatar kwanciyar hankali, tafiya daga kasuwa zuwa kasuwa tana bukatar hanya. Mun rasa duka biyun. Bayan daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta ji sunanmu, amma ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun daɗe suna kwana a daji kafin nan. Gwanaye da dama sun yi gudun hijira zuwa Funtuwa da Zariya da Katsina, wasu an kashe su a gonakinsu. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu uku, sai a Disamba aka fara mayarwa.

A waɗannan watanni na ga abin da ban zaci zan sake gani ba. Samari da waya ta mutu a hannunsu suka koma ƙasa suna shata gidaje. Na tsaya a kansu a unguwarmu, raina ya yi fari, sannan ya ɓaci. Sun san doka, wasu ma suna da kai. Amma zubi suke yi kamar ana korarsu, 'yan kallo kowa na ihu yana nuna gida da ƙafa, kuma da an ci wasa sai mai nasara ya sa tafin hannu ya share, a sake. Na tsuguna na ce wa ɗaya daga cikinsu, "Ɗana, mayar mini da su yadda kuka zuba." Ya dube ni ya ce, "Baba, ai an gama wannan." Ba rashin kunya ya yi ba, bai taɓa jin ana haka ba. Na mayar musu da abin da na iya riƙewa, na nuna wa wanda aka ci inda ya bar baƙo a bakin gidansa. Uku daga cikinsu suka riƙa zuwa ƙofar gidana. Da layi ya dawo, ɗaya ya rage, kuma yana nan har yanzu, ya fara riƙe zubi a ka.

Ina da ƙorafi a kan masu kula da wasanni. Dambe da kokawa da langa da ayo sun samu shiga gasar wasanni ta ƙasa, kuma sun cancanta. Mu ba wanda ya taɓa zuwa inuwarmu ya tambaye mu doka ko ya rubuta sunan gwani ɗaya. Makarantun da ke sayen allon wasannin Turawa don kaifafa ƙwaƙwalwar yara suna da wasan da ya isa wannan aiki a bakin ƙofarsu, ba ya cin ko kwabo, ƙasa ce da dutse da tsinke. Shekarun da na yi ina koyarwa, ɗaliban da suka fi saurin gane lissafin da ke bukatar hangen taku uku gaba, da yawansu 'ya'yan 'yan dara ne.

Roƙona ga iyayen ƙasa, Sarkin Pauwan Katsina hakimin Ƙanƙara, da Sarkin Yamman Katsina hakimin Faskari, da hakimin Sabuwa, da shugabannin makarantu: a nemo tsofaffin da suka zauna warwara, na gida da waɗanda ke gudun hijira, a ba su inuwa a harabar makaranta ko ƙofar fada, da rana, ba kuɗi, a tashi in an kira salla. A sa yara su tsaya a kansu, a ɗauki zubinsu da bayaninsu a wayoyin nan da ke hannun kowa. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan tsoho a gidanku ko unguwarku, kada ka jira hukuma, ka kai masa yaro. Waɗanda na sani duk sun manyanta ƙwarai, a hanzarta.